Rumbu na Biyu

Duk wanda ya karanta tarihin duniya da natsuwa zai tarar cewa abin da ya gina wayewar ɗan Adam shi ne neman wurin ajiya. Yaƙe-yaƙe da sarakuna daga baya suka zo. Tun ranar da mutum na farko ya ci ya ƙoshi ya ga saura a hannunsa, ya shiga tambayar da har yau ba a gama amsawa ba: ina zan sa wannan? Daga nan aka samu tukunya, aka samu rumbu, aka samu ɗakin karatu, aka samu ƙarƙashin gado. Na fara da wannan ne don ku san labarin da zan ba ku reshe ne na babban tarihi, ko da yake a ɗakina ya faru, a Kafanchan, a kan wani tebur da ƙafarsa ɗaya ba ta kai ƙasa.

Shekarun baya can, ina koyarwa a wata sakandare a cikin gari, na haɗa kwamfuta da hannuna. Haɗawa na yi, ba saye ba, kuma a lokacin nakan tabbatar kowa ya ji bambancin. Akwatin daga wuri ɗaya, allon ciki daga wani wuri, fanka daga wata kwamfutar da ta riga ta mutu. Na kwashe kusan zango biyu ina tattara su ɗaya bayan ɗaya kamar mai haɗa lefe. Ranar da ta kunna, malaman makarantarmu suka fara kirana Injiniya, ni kuma ina hana su da irin muryar da ke nufin a ci gaba.

Kayan duk ta hannun abokina suka biyo, mai shagon gyaran waya da kwamfuta a kusa da layin dogo. Tare muka yi firamare. Ni na bi littafi, shi ya bi sukundireba, kuma kowannenmu a ɓoye yana tausaya wa ɗan'uwansa. Amma ba a wurinsa na koyi haɗawar ba. A littafi na koya, wani ƙaton littafin Turanci da na tsinta a ɗakin karatun makaranta, cikin kwalayen da aka taɓa aiko mana kyauta daga ƙetare. Ya yi kaurin bulo. Na karanta shi daga bango zuwa bango, ban da shafi ɗaya, wanda ake rubuta shekarar bugu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Babban aikin da na yi da kwamfutar shi ne muryar mahaifina. Mai bishara ne, kuma shi ya jagoranci mawaƙan majami'armu a ƙauye tun kafin a haife ni. Yakan tsara waƙoƙi da yarenmu ya koya wa zumuntar mata, ƙungiyar matan majami'ar. Wasu ya ɗauke su a kaset da rediyonsa, yana zaune a gindin mangwaro, ana jin zakaru a bayansa. Da ya rasu ya bar kaset tara a cikin jakar leda. Takwas waƙoƙi ne. Na taran kuwa ba waƙa ce sosai ba, ranar koyo ce da ya manta bai kashe rediyon ba: yana gyara wa matan murya, yana tari, yana dariya, har akwai wurin da ya tsaya ya kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana, ya ce in kore masa akuya.

A dogon hutu na ja waya daga rediyo zuwa kwamfuta na kwashe su duka, na ba kowace waƙa suna da lamba. Na taran ya tsinke a daidai ƙarshe, bayan na gama kwashewa. Na dube shi na ce ya yi ƙoƙari, na jefa shi a kwandon shara da hannuna. Sauran takwas na mayar jaka na kai wa mahaifiyata, wadda ke zaune a wurina tun bayan rasuwar.

"Mama, waɗannan sun gama aiki. Na kwashe komai cikin kwamfuta."

"Cikin akwatin nan naka?"

"Ciki. Kaset lalacewa yake yi, zaren yana cinyewa. Wancan kuwa har jikoki."

"To, in yi yaya da su?"

"A zubar. Ko a ƙona tare da shara."

Ta karɓi jakar, ta ɗan jijjiga ta a hannu kamar mai gwada nauyin gishiri a kasuwa. Washegari na ga hayaƙi a bayan gida inda ake ƙona shara, na ji daɗi irin na mutumin da ya kawo ci gaba cikin danginsa.

Da aka shiga shekara ta biyar da rasuwarsa, dangi suka sa ranar sujadar tunawa, Asabar ta biyu bayan Ista. A taron iyali na miƙe, ba wanda ya tambaye ni, na ce a ranar za a ji muryar Baba ta lasifika. Fasto ya sanar a majami'a. 'Yan'uwanmu na Sabon Tasha suka aiko cewa za su cika mota. Tsofaffin zumunta suka riƙa tare ni a hanya suna tambaya ko da gaske ne, har wata ta riƙe min hannu ta ce ita dai ta ji shi sau ɗaya kafin ita ma a kira ta.

A nan ne hankali ya zo min, kuma ina roƙon a rubuta min shi a matsayin hankali, domin niyyar mai kyau ce. Na tuna littafina ya ce duk abin da yake da daraja a ajiye shi wuri biyu. Muryar Baba kuwa wuri ɗaya take. Sai na ƙudura zan ƙara wa kwamfutar had-dis na biyu, in kwafa ta a ciki kafin ranar.

Ga wanda bai sani ba, had-dis shi ne rumbun kwamfuta, wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu, duk abin da aka ajiye a ciki yake kwana. Nawa tun farko na raba shi ɗaki biyu, ɗaya na injin kansa, ɗaya na kayana. Kwamfuta tana ba kowane ɗaki harafi, yadda muke raba aji a makaranta. Ɗakin injin C, ɗakin kayana D. Baba yana D.

Na je shagon abokina ana saura mako biyu. Ya jawo had-dis daga aljihun tebur, ya hure shi, ya goge da gefen rigarsa.

"Oga Ticha, tokumbo ne, na hannu daga ƙetare, amma lafiyarsa lau. Akwai tarkacen mai shi a ciki, sai ka share. Ko ka kawo injin in sa maka, minti goma ne."

"Na gode. Akwai babi guda a kan wannan."

"Babi."

"Na goma sha huɗu."

"To, ka gaishe min da babin. Amma abeg, kafin ka share komai, ka buɗe ka leƙa tukuna."

Na yi masa irin murmushin da nake yi wa ɗalibin da ya tuna min in rubuta kwanan wata a allo.

Safiyar Asabar, ana saura mako guda, aka kawo wuta, na ɗauki wannan a matsayin amincewa daga sama. Na zare filogi, na kwantar da akwatin a kan tebur, na kwance noti huɗu na zuba su a faranti don kada su gudu. Littafin ya ce jikin mutum yana tara wata 'yar wuta da kan iya ƙona kayan ciki, don haka na taɓa ƙarfen taga, na cire takalmi, na tsaya ƙafa tsirara a kan siminti kamar wanda ya iso wuri mai tsarki. Na zura sabon had-dis a ƙarƙashin tsohon, na ɗaure shi. Akwai wata waya mai faɗi kamar bel, ita ke haɗa su da allon ciki, su biyu a kan waya ɗaya.

Sai dai kafin su yarda su zauna tare, dole a gaya musu wane ne maigida, wane ne bara. In duka biyun suka ce su ne maigida, ba wanda zai yi aiki. Na yi shekaru a ofishin malamai, ban buƙaci ƙarin bayani ba. Ana gaya musu ne da wata 'yar roba baƙa da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, a zare ta daga nan a soka can. Na kama ta da farce, ta yi tsalle, ta ɓace.

Ina rarrafe a ƙarƙashin tebur sai ga mahaifiyata a bakin ƙofa da faifan acca a hannu. Macen da ta yi shekara hamsin tana tsince tsakuwa daga acca ba ta ɓata lokaci ba. Ta sunkuya sau ɗaya, ta miƙo min.

"Wannan kake nema, Malam?"

Idan ta kira ni Malam, na san ba girmamawa ba ce.

"Ita ce. Rumbu na biyu nake ginawa, Mama. Don muryar Baba ta zama wuri biyu."

"A ina rumbun?"

"Nan ciki. Ƙarƙashin na farko."

Ta leƙa cikin akwatin, ta daɗe tana kallo.

"Rumbu biyu a ɗaki ɗaya. In wuta ya kama fa?"

"Ba irin wannan rumbun ba ne."

"To," in ji ta, ta koma wurin accarta.

Mahaifiyata tana da "to" iri-iri. Da na san abin da na sani yanzu, da na tsaya na saurari wannan da kyau.

Na rufe akwati, na kunna. Fanka ta juya, injin ya yi ƙararsa guda ta lafiya, allo ya haska. Ga ɗakuna uku a jere: C, D, E. Na tsaya na ji daɗin kaina na kamar minti ɗaya. Saura share tarkacen mai shi.

Na buɗe babi na goma sha huɗu. A tsakiyar shafi akwai gargaɗi cikin zagaye, da manyan baƙaƙe: idan ka ƙara sabon had-dis, shi ne zai ƙwace harafin D, tsohon D kuma ya matsa ya koma E, mutane da yawa sun yi asara saboda rashin sanin wannan. Na ji tausayin mutanen nan da yawa. Ni da na sani, sai na kai hannu kan D.

Kwamfutar ta tambaye ni wace irin shara nake so, ta sauri ko ta tsanaki. Na kwashe rayuwata ina gaya wa yara kada su yi aikin gaggawa. Na zaɓi ta tsanaki. Ta ce duk abin da ke ciki zai tafi, na tabbata? Na tabbata. A rayuwata ban taɓa tabbata kamar ranar ba.

Aikin ya ɗauki kusan awa ɗaya. Na ɗebo kunu da ƙosai na zauna ina kallon koren layi yana rarrafe daga hagu zuwa dama. Har na ɗan taya shi da kaɗa ƙafa.

Da ya gama, na buɗe E don in kwaso Baba in kai shi sabon ɗakinsa mai tsabta.

Kare na gani. Wani ƙaton farin kare mai gashi kamar tunkiya, yana tsaye a cikin ƙanƙara kusa da wani Bature mai jar hula. Na danna na gaba. Karen a cikin mota. Na gaba, karen a kan kujera. Na gaba, karen sanye da hular takarda, gabansa kek da kyandir. Na yi ta dannawa kamar in na kai ƙarshe zan tarar da mahaifina yana jira a bayansu.

Na koma D. Fari fat.

A lokacin ne na juya littafin na karanta shafin da na tsallake. An buga shi ina aji biyu na sakandare. Gargaɗin gaskiya ne, amma ga injinan zamaninsa. Tawa ba ta canja wa kowa harafi ba. D yana nan a D inda na bar shi, baƙo ya karɓi E ya zauna da ladabi.

Na rungumi akwatin na hau keke-napep zuwa layin dogo. Abokina ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba.

"Ta sauri ka yi ko doguwa?"

"Doguwa."

Ya ajiye sukundireba.

"Oga Ticha. Da ta sauri ce, sunan da ke kan ƙofa kawai take gogewa, kaya suna ciki, da yanzu na kwaso maka. Doguwar nan shara take yi, ta wanke, ta yi sabon daɓe."

"Babu wata dabara?"

"Bar min shi in gwada. Ka leƙa kafin ka share?"

"Babin bai ce a leƙa ba."

Na jira ya yi dariya. Tun muna firamare yake jiran irin wannan rana, kuma haƙƙinsa ne. Bai yi ba. A nan na san girman abin.

"Kaset ɗin fa?" ya ce.

"An ƙona."

"Wa ya ce a ƙona?"

Na kalli jirgin ƙasa da ya daɗe a fake a kan layi, kamar ranar na fara ganinsa.

Kwana biyu yana fama. Ranar Litinin ya kira ni ya ce ko numfashi ɗaya bai samu ba.

Na yi tunanin hanyoyin fita, kuma ba zan ɓoye ba, na samu mai kyau. Wutar lantarki. A ƙasar nan za ka iya ɗora mata kowane laifi ta ɗauka, ba mai neman shaida. Har na tsara jimlar: an kawo wuta da ƙarfi, ta ƙone komai, ikon Allah. Fasto zai gane, 'yan Sabon Tasha za su girgiza kai, a tsine wa waya da turke, ni in fita da sunan Injiniya ba ko tabo. Abin da ya hana ni shi ne a kwanakin nan mahaifiyata ta fito da zanen zumunta ta wanke, ta goge, ta rataye, kuma duk inda ta wuce a cikin gida tana rera ɗaya daga waƙoƙinsa a hanci. Ba na iya kallonta ina ɗauke da jimlata.

Ranar Talata da yamma na same ta a bayan gida tana karya irin citta gunduwa-gunduwa, domin shuka ta matso. Na jawo kujera 'yar tsugune na zauna.

"Mama, akwai magana."

"Akwatinka ya mutu?"

"Bai mutu ba. Ni ne na share muryar Baba. Da hannuna."

"Duka?"

"Duka."

Ta karya citta ɗaya, ta jefa a kwando. Ta karya wata.

"Rumbu na biyu fa?"

"Kare ne a ciki."

Sai a lokacin ta ɗago kai.

"Karen wa?"

"Ban san shi ba. Wani Bature ne."

Ta daɗe tana kallona. Ina jin tana tuna duk daminar da ta yi a gonar citta don in yi karatu, tana neman inda aka yi kuskure.

"Jibi Alhamis," ta ce. "Ka shiga mota ka je Kagarko wurin mamanka ƙarama. Ka ce ta ba ka irina."

"Mama, maganar Baba nake yi."

"Ni ma shi."

Dole in tsaya in bayyana wani abu a nan. Tun da aka yi musu aure a garuruwa daban, mahaifiyata da ƙanwarta suna da wata ƙa'ida. Bayan kowane girbi, kowacce takan ware wani kaso na irinta, citta ne, acca ce, wake ne, ta aika gidan 'yar'uwar. Ba kyauta ba ce, kuma ba a taɓawa ko da yunwa ta shigo. Idan gara ko gobara ko ɓera ya ci naki, irinki yana nan da rai a wani gari. Idan ba abin da ya faru, kafin shuka ki aika a ɗauko, ba mai tada zancen. Na girma ina ganin wannan. Ni da kaina na sha kai buhunan tasha. A kaina na ajiye shi a ƙarƙashin "al'adun gargajiya", wurin da ake ɗebo tambayar jarrabawa mai maki biyar.

"Amma na ga hayaƙi," na ce. "Washegarin da na ba ki."

"Shara ne. Kullum ana ƙona shara."

Ranar Alhamis na bi ta Kwoi na isa Kagarko kafin rana ta take. Labari ya riga ni, domin su biyun sun iya waya fiye da yadda suke nunawa. Mamana ƙarama tana hango ni ta fara share min tabarma da ƙarfi fiye da kima.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Ya hanya? Ya makaranta? Ya kare?"

"Lafiya lau, Mama."

"Ka sha ruwa tukuna. Mai ilimi ba ya aiki da ƙishi."

Bayan na sha ruwa, na ci tuwo, na amsa tambayoyi game da lafiyar kowa har da kajin gida, ta shiga ɗaki ta fito da wani babban gwangwanin madara, bakinsa ɗaure da leda da tsumma. Ta kwance a gabana. A ciki akwai tsohon zane a naɗe, an barbaɗe shi da busasshen barkono da ganyen dogonyaro. A cikin zanen, kaset.

"Barkono kuma na mene ne?"

"Yayata ta ce iri ne. Haka ake ajiye iri. Ƙirga a gabana, ba na son magana daga baya. Takwas aka kawo."

Na ƙirga. Takwas. Na sake ƙirgawa, ko da yake na fi kowa sanin inda na taran ya tafi.

Ta ba ni aron rediyonta mai batir, sannan ta nuna min rabin buhun citta a jingine da bango.

"Tunda ka zo. Kada ƙafarka ta tafi banza."

Haka na dawo Kafanchan, gwangwani a ƙirji, buhu a cinya, ina atishawa tun daga tasha.

Na so in sake kwashe su cikin kwamfuta kafin ranar. Mahaifiyata ta karɓi gwangwanin ta kai ɗakinta ta ce bayan sujada. Ban yi gardama ba. A makon nan ba ni da ƙuri'a a gidan.

Ranar Asabar ɗin majami'a ta cika har waje. Aikin Injiniya a ranar shi ne ya tsaya a gaba, ya riƙe makirfo a bakin rediyon mamansa ƙarama, ya danna maɓalli idan Fasto ya ɗaga kai. Na danna. Aka ji shuuu na kaset, aka ji zakara, sannan aka ji shi. Ya gyara murya yadda ya saba, ya ɗauki layin farko.

Layin farkon nan kaɗai aka ji. A na biyu wata tsohuwa a sahun gaba ta karɓa, sai na kusa da ita, sai aka buga tulun kiɗa, sai zumunta gaba ɗaya ta miƙe. Rediyo mai batir huɗu ba ya ja da mata sittin. Na ga kaset yana juyawa, na san yana waƙa a ciki, amma ko ni da nake riƙe da shi ba na jinsa. Da waƙar ta ƙare a kaset, su ba su ƙare ba. Suka zarce da baiti biyu da ban taɓa ji ba, waɗanda ya koya musu bai ɗauka ba. Mahaifiyata tana tsakiyarsu ido a rufe. Tsohuwar da ta riƙe min hannu a hanya ta zo bayan an tashi ta ce ta ji shi sarai, kowace kalma. Ban yi mata gyara ba.

Yanzu shekaru sun wuce, abin ya zama labarin da ake bayarwa a gidanmu duk Kirsimeti, kuma kowace shekara karen ƙara girma yake yi. Na sake kwashe kaset takwas ɗin. Kwafi ɗaya yana wurina, ɗaya yana shagon abokina, ɗaya yana Kagarko a cikin gwangwanin madara, da barkononsa. Ɗalibaina sun san duk littafin da suka ɗauko, tambayata ta farko ita ce yaushe aka buga shi. Ban riƙe littafin da laifi ba. Gaskiyar zamaninsa ya faɗa, ni ne ban tambaye shi shekarunsa ba, kuma ni ne na ƙi leƙa ɗakin da ke gabana saboda an riga an gaya min abin da ke ciki.

Abin da bai zama abin dariya ba shi ne kaset na tara. Waƙoƙin ashe ba su taɓa shiga haɗari ba, suna bakin mata sittin. Amma ba mai rera tari, ba mai haddace yadda mutum yake dariya idan sahun baya ya ɓata murya. Har yanzu na san kalmomin da ya faɗa lokacin da ya ce in kore akuya. Sautin ne yake raguwa. A da nakan ji shi da muryarsa, yanzu yawanci da tawa nake ji. Na taɓa gaya wa mahaifiyata haka, ta ce ai muryar tamu ɗaya ce, ni ne ban sani ba. Ban san ko gaskiya ta faɗa ko lallashi ba, kuma ban bincika ba.

Had-dis na biyu kuwa, na yi niyyar share shi sau da dama. Duk lokacin da na kai hannu, kwamfuta takan tambaye ni ko na tabbata, ni kuma tun daga ranar ban sake tabbata da komai ba. Na canja inji sau biyu, duk ina kwashe kayan cikinsa ina tafiya da su.

Hotunan karen ɗari uku da goma sha biyu ne. Ko ɗaya bai ɓata ba.